Kafin ɗanka ya sayi motar gudu ta hannu, ka raka shi ya tambayi tarihinta

Na haura shekara ashirin ina koyar da lissafi da kimiyya a kolej, kuma ban taɓa zaton wata rana zan yi rubutu a kan mota ba. Ni babur gare ni, shi ma ya sha jiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da ɗan yayata a hutun da ya wuce, wanda na tabbata irinsa yana faruwa a gidaje da dama tun daga Yamai har Damagaram.

Yaron ya daɗe yana kasuwancin wayoyi tsakanin Maraɗi da Kano, ya tara ɗan abin da ya tara, aka kuma raba gadon mahaifinsa ya samu kasonsa. Sai ya hango wata jar mota mai ƙofa biyu a wani wurin sayar da motoci a Yamai, irin motocin nan na gudu masu kwanciya a ƙasa, waɗanda tun daga nesa ake jin rurinsu. Uwarsa ta kira ni hankalinta a tashe, ta ce in hana shi. Da na kira shi sai ya ce: "Kawu, kuɗina ne, kuma motar ba ta da komi. Daga jirgi aka sauke ta, ko ƙura ba ta sha ba." Na san halinsa. In na ce kada ya saya, zai saya bayan idona. Don haka na ce na yarda, amma da sharaɗi guda: tare za mu je, da makaniken da ni zan zaɓa, kuma sai mun yi kwana biyu muna duba ta kafin ya ba da ko dala.

Ra'ayina a wannan magana ba boyayye ba ne. Wanda zai sayi motar gudu ta hannu, tarihinta yake saye, fentin kuwa gyara ne aka yi masa a kai. Kuma mu iyaye da malamai, ihun "kada ka saya" ba ya kai mu ko'ina. Abin da ke aiki shi ne mu koya wa yaro yadda ake neman hujja kafin a fitar da kuɗi.

Me ya sa motar gudu ta fi bukatar bincike

Kowace mota ta hannu tana da abin da ta ɓoye, amma ta gudu ta fi. Ka tambayi kanka: wa ya saye ta tun farko, kuma don me? Mai iyali da ke kai yara lakwal ba ya sayen mota mai kujera biyu. Wanda ya saye ta, don ya taka ta ne. An tashe ta da ƙarfi, an taka birki da ƙarfi, wata ma an shiga filin tsere da ita. Wasu masu ita sukan taɓa kwamfutar inji don ƙara mata ƙarfi fiye da yadda kamfani ya tsara, su sauya salansa, su rage mata tsawo. Lokacin sayarwa sai a mayar da kayan asali, amma wahalar da injin ya sha tana nan cikinsa.

Ga kuma doguwar hanyar da take bi kafin ta iso mu. A 2020 hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma, kusan 40 cikin 100. Rahoton ya kawo binciken da hukumomin Holan suka yi a kan motocin da ake lodawa daga ƙasarsu, inda aka tarar mafi yawansu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, wasu ma an cire musu kayan kariya. Mota takan tashi daga wurin gwanjo zuwa hannun mai fitarwa, ta hau jirgi, ta sauka Kwatano ko Lome, ta bi ta hannun masu gyara da dillalai. Da aka rufe iyakar Gaya a 2023 hanyar ma ta ƙara tsawo. A kowane zango akwai wanda zai ci riba in motar ta ƙara kyau a ido, babu kuwa wanda zai ci riba in ya faɗi aibinta.

Lamba goma sha bakwai

Abu na farko da muka yi da muka isa, kafin a buɗe inji, shi ne kwafe lambar shasi, wadda ake kira VIN. Tun 1981 aka daidaita ta: haruffa da lambobi 17, kuma ba a sa I ko O ko Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da jikin ƙofar direba, an kuma buga ta a ƙarfen motar. Dole duka su zo daidai da juna, su kuma zo daidai da abin da ke cikin takardun duwan da kart giriz. Harafi guda ya saɓa, ko ka ga alamar an goge wurin ko an yi walda kewaye da shi, to magana ta ƙare, ka kama hanyarka. Motocin sata suna ƙetare teku, kuma Interpol na da rumbun lambobinsu. Ranar da aka kama motar a hannun ɗanka, ba dillali za a tsare ba.

Lambar kanta tana magana. Farkonta yana nuna inda aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, VF Faransa, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar ƙira: A 2010, B 2011, haka har H 2017, sai a tsallake I, J ta zama 2018. An ce mana motar ƴar 2017 ce. Na ce wa yaron ya ƙirga da kansa. Ya ƙirga, ya tarar da E. Shekara uku ke nan suka ɓace tun ba mu je ko'ina ba.

Daga nan na ce ya rubuta lambar a wayarsa ya bincika a intanet. Yawancin motocin Amurka da ke zuwa nan da araha sun bi ta manyan wuraren gwanjo irin su Copart da IAA, inda kamfanonin asirans, wato inshora, ke sayar da motocin da suka yanke cewa gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Irin wannan mota akan rubuta kalmar salvage a takardarta. Hotunan gwanjon sukan daɗe a intanet. Akwai kuma kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck da ke sayar da rahoton tarihin mota: hannu nawa ta bi, haɗarin da aka kai rahoto, nisan da ta yi a lokuta daban-daban. Motar Faransa tana da HistoVec, shafin gwamnati na kyauta, sai dai mai motar ne ke fitar da rahoton ya ba mai saye. Ta Beljiyam kuma tana da Car-Pass, takardar da ke bin sawun kilomita tun 2006.

Hoto na uku da ya fito a wayar yaron, jar motar ce. Gabanta a murƙushe, jakunkunan iska biyu a waje suna reto, gilashi a tsage. A hoton kwantar an ga 118,000. A gabanmu kuwa kwantar tana nuna 62,000, kuma "kilomita dubu sittin" aka ce mana. Motar Amurka da mil take ƙirga, mil guda kuwa kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori. Na miƙa masa biro na ce ya buga. Mil 118,000 ya kusa kilomita 190,000. Ya yi shiru.

Abin da makanike ya gani

Da ma a nan za mu iya tsayawa, amma na ce a ci gaba, domin darasin nake so ya shiga. Ba kowace mota ce ke da hoto a intanet ba, kuma ranar da babu hoto, ido da hannu ne za su yi aiki.

Makaniken dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Tun da yamma ya ce kada kowa ya tada motar kafin mu zo da safe. Da muka zo, ya fara ɗora hannu a kan inji ya ji ko da sauran ɗumi. Inji mai zafi yana ɓoye ƙara da hayaƙi da wuyar tashi, shi ya sa wasu masu sayarwa ke tada mota kafin mai saye ya iso. Ya ce a murɗa makulli kada a tada, a dubi fitilun da ke gaban direba. Dukkansu ya kamata su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Fitilar jakar iska ba ta kama ba sam. Ya ce: "Malam, ba lafiya ce ta sa ta yi shiru ba, bakinta aka toshe." Jakar iska sau ɗaya take aiki, sabuwa kuma tana da tsada, don haka wasu masu gyara sukan rufe wurin da marfi su kashe fitilar.

Ya zagaya motar a cikin rana yana duban fenti daga gefe, ko launin ƙofa ya saɓa da na jiki. Ya duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, da tsakanin marfin inji da gefensa, ko dama da hagu sun yi daidai. Ya naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle yana bin jikin da shi, inda ya ƙi kamawa to an cike wurin da mastik. Ya gargaɗe mu cewa wannan dabara ba ta aiki a jikin alminiyam ko roba, kuma motocin gudu da yawa suna da irin wannan jiki. Sannan ya shiga ƙarƙashi da fitila. Ƙarfen gaba da ke ɗauke da inji an miƙe shi da wuta, an yi walda, an shafe da baƙin fenti. Wannan ƙarfe an ƙera shi ne ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo, sau ɗaya. Wanda aka miƙe ba zai sake yin wannan aiki yadda ya kamata ba.

Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya janyo ɗamarar kujera har ƙarshe, ya leƙa ramin tayar safiya yana shinshina. Ruwa yake nema. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Amurka, kuma ambaliya ba ta daina ba. Motar da ta kwana cikin ruwa takan yi tafiya lafiya na ƴan watanni, daga baya wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Alamunta su ne laka a lungu, tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, warin danshi, ko turare mai yawa da aka fesa don rufe warin. Wannan kam jar motar ta tsira daga gare shi.

Ya buɗe marfin mai ya duba ko akwai farin kumfa kamar madara, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Ya tsaya bayan salansa aka tada: hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inji, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Ya jona ƴar na'urar bincike a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996, a na fetur na Turai kuma tun 2001. Ya nuna mana lamba huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Taya na iya zama da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta bushe, kuma a kan kwaltar watan Afrilu irin wannan ce ke fashewa. Daga ƙarshe ya tuƙa ta kusan rabin awa, ya bi mai santsi da mai gargada, ya saki sitiyari kaɗan ya ga ko tana ja gefe, ya taka birki da ƙarfi, ya saurari canjin giya, idonsa na kan allurar zafi.

Ko da tana da lafiya

A ce ma motar ta ci duk wannan jarrabawa, akwai sauran tambaya: ƙasarmu aka yi wa ita? Motar gudu tazararta da ƙasa ba ta cika wuce santimita 12 ko 13 ba, ta Hilux kuwa ta haura 20. Ka tuna tudun rage gudu na kowane gari a kan hanyar Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi, da yashin unguwanninmu, da kwazazzaban damana. Ka tuna zafin da ke haura digiri 40, da ƙurar da ke toshe matatar iska, da man kwalba na bakin hanya wanda injin da aka tsara wa fetur mai inganci ba ya jurewa.

Kowace ƙira kuma tana da ciwonta da masu ita suka sani. Misali Mazda RX-8, da aka yi daga 2003 zuwa 2012, injinta ba irin na sauran motoci ba ne, mai juyawa ne, kuma in ya fara gajiya yakan ƙi tashi idan ya yi zafi. Gwajinsa ma sai da na'ura ta musamman. Kafin a sayi kowace iri, a tambaya: wa ya iya gyaranta a garin nan, ina ake samun kayanta, nawa ne taya guda? Motar da ƙaramin ƙarfe zai ajiye ta wata uku tana jiran saƙo daga Dubai, ado ce ta ƙofar gida.

Masu cewa ba haka ba

Na san akwai masu ja da ni. Wani abokin aikina ya ce da na bi maganar uwar na hana shi kawai, tunda mota irin wannan ba ta da wani amfani. Ban musa masa rashin amfanin ba. Amma saurayi mai shekara kusan talatin, da kuɗinsa a hannu, hani ba ya riƙe shi, sai dai ya koya masa ɓoye mana. Da na hana, da ya je shi kaɗai, da yanzu yana kan hanyar Maraɗi cikin motar da ba ta da jakar iska.

Wasu kuma suna ganin zuwa da makanike da tonon lambobi cin fuska ne ga mai sayarwa, musamman in ɗan unguwa ne ko an haɗa dangi. Wannan kunya ta cinye dukiyar mutane da yawa. Ba a cinikin biri a sama. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin a duba kayansa, wanda ya hana a duba kuwa ya riga ya ba ka amsa. Kuma in za a yi adalci, ba kowane dillali ne ya san abin da ke hannunsa ba. Wanda muka tarar, da ya ga hotunan, shi ma jikinsa ya yi sanyi. Mai yiwuwa haka aka sayar masa.

Akwai masu cewa rahoton intanet ba ya faɗin komi da komi. Gaskiyarsu. Haɗarin da aka gyara a ɓoye ba ya shiga rahoto, abin da ya samu mota bayan ta bar ƙasarta ma haka, har rahoton jabu ana bugawa. Shi ya sa ka nemi rahoton da kanka, kada ka karɓi wanda aka miƙo maka, kuma shi ya sa takarda ba ta isa sai da makanike. Makaniken ma ya zama kai ka kawo shi, kai ka biya shi, ba ya da kaso a cinikin. Duk abin da muka kashe a kwana biyun bai kai kuɗin taya guda ta motar ba.

Inda abin ya shafe mu

Maganar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Hukumar lafiya ta duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara. Waɗannan shekaru su ne na yaran da ke gabanmu a aji da waɗanda muka yaye jiya.

Mu malamai muna koyar da cewa in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ya ninka huɗu. Muna rubuta shi a allo, yara su kwafe, su manta bayan jarrabawa. Me zai hana mu fito da shi fili? Mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa guda, kafin ma ƙafar direba ta kai kan birki. A sa yara su auna mita 33 a filin lakwal su gani da idonsu. A ba su aikin juya mil zuwa kilomita da hoton kwantar gaske. A sa su karanta shekarar tayar babur ɗin mushe. Yaron da ya saba tambayar "ina hujja?" a aji, shi ne gobe zai tambayi dillalin mota, da mai sayar da fili, da mai yi masa alkawarin aiki a ƙasar waje.

Iyaye kuma, mu daina jin kunyar cewa ba mu san mota ba. Ni ma ban san ta ba. Abin da na sani shi ne kada a biya a ranar da aka gani, kada a ba da kuɗin kafin alƙalami don an ce wani na zuwa da yamma, a kwafe lamba, a nemo wanda ya sani, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Ban ce wa ɗan yayata komi ba bayan makanike ya fito daga ƙarƙashin motar. Shi da kansa ya miƙa makulli, ya yi wa mai wurin godiya, muka fito. A hanya ya ce: "Kawu, da yanzu gadon Baba ya tafi." Har yau bai daina son motar gudu ba, ni ma ban ce ya daina ba. Amma tun daga ranar ya duba wasu guda biyu ba tare da ni ba, duka ya bar su, kuma kafin ya gaya mini launinsu lambar shasi yake fara turo mini. Kuɗinsa na nan, uwarsa na barci. Allah ya tsare mana su a kan hanya, ya ba mu haƙurin raka su.